Wilfred Slater da Rufin Gidana

Ranar da tsani ya zame ya bar ni a kan rufin gidana, bene hawa biyu, na gane bakina ya fi ƙafata ƙwari. Sheƙar hankaka na hau cirewa daga bututun hayaƙi. Ga yayyafi, ga falalen rufin sun yi santsi kamar an goga musu sabulu. Matata Maureen ta ƙwala ihu, ta ruga kiran Wilfred Slater.

Sunan gidansu sana'arsu ce, masu rufa ɗaki da siraran falalen dutse. Tun zamanin da ake kiran mutum da aikin hannunsa sunan ya manne wa kakansu, kamar yadda Baker, mai gasa burodi, ya manne wa nawa. Wilfred yana ɗan shekara sha huɗu ubansa ya fara hawa da shi. Yana sha tara ya ga uban ya faɗo daga rufin coci, ƙusa ɗaya ce ta ruɓe. Tun daga nan ba ya taka falale sai ya ƙwanƙwasa ta da guduma ya saurara, kuma da rarrafe yake tafiya. Ni na laƙaba masa Kunkuru, duk ƙauyen suka ɗauka.

Wilfred ya jingina tsani ya hau, kansa ya ɓullo a bakin rufin, fari fat da furfura.

"Norman, kada ka motsa."

"Malam Kunkuru, ai ko numfashi na daina."

"Rufe min baki, ina sauraro."

Ya ƙwanƙwasa falale ta farko, ta yi ƙara ras kamar ƙararrawa. Ya matso. Ta biyu ma haka. Ya miƙa hannu ya taɓa wadda gwiwata take kai, ta ce dum. Fuskarsa ta sauya.

"Ɗaga gwiwar. A hankali. Nan za ka sa."

Ina ɗagawa falalen ta sulale. Na ƙirga har uku kafin na ji ta tarwatse a tsakar gida. Da rarrafe na bi shi, inda ya nuna nan nake dafawa.

Da muka sauka, Maureen ta ba mu shayi, nawa rabi ya zube a wando. Na ce, "Wilfred, shekara hamsin kana sama, har yau tsoro kake ji?"

Ya kurɓa, ya dube ni. "Marasa tsoron cikinmu suna kwance a maƙabartar bayan coci. Kai jikan mai burodi, koma gindin tanderu, can ba a faɗowa."