Malam Idi Ticha da Ƙofar da Aka Rufe Masa

Ina rumfata a kasuwar Adidogomé, ina yanka wa wata mata leshi, wayata ta yi ƙara. Safiya ce, 'yar Malam Idi Ticha. Ko sallama ba ta iya yi ba. Ta ce, "Yaya Rabi, Baba ya cika." Na yi salati, na ajiye almakashi, na bar matar tsaye da yadinta, na tare zemijan, wato ɗan acaɓa, zuwa Zongo. A bayan babur na yi kukana. Da na isa na ga mutanen da suka cika tabarmin ƙofar gida, har da waɗanda suka rufe masa ƙofa, sai kukan ya tsaya mini cak, zuciyata ta hau tafasa, kuma har yau ba ta huce ba.

Ba ina rubuta wannan don yabo kaɗai ba. Akwai mabuɗi a aljihun Alhaji Mamman, shugaban kwamitin makarantar unguwarmu, mabuɗin ɗakin da Malam ya yi shekaru yana koyar da Ingilishi. Safiya ta roƙa a ba ta don ta ci gaba da aikin ubanta, an ce mata za a duba. To, kafin a gama dubawa, bari in faɗi wanene mai ɗakin da yadda ya fita daga cikinsa.

A Zongo aka haifi Malam, amma a Accra ya yi karatu wurin kawunsa. Mu kuwa Faransanci aka ɗura mana a makaranta, kuma da zarar mun ƙetare iyakar Aflao, inda ake Ingilishi, sai mu zama kurame. Wannan abu ya dame shi ƙwarai. Shi ya sa ya karɓi ɗakin nan, Asabar da Lahadi, yana tara yara da samari da irinmu 'yan kasuwa.

Sai dai darasinsa ba ya farawa a kan benci. Da mun taru zai ce kowa ya sa takalmi. Mu fita daga makaranta, mu bi bayan masallaci, mu hau gadar ƙafa, mu sauko, mu ratsa layin masu gyaran babur, mu zagayo ta bakin kwata mu dawo. Shi a gaba da tsohuwar lemarsa. Sai mun zauna, gumi na zuba, zai nuna mutum da alli ya ce, "Ba ni labari da Ingilishi. Ina kika je?" Ranar farko na ce, "I go." Ya ce, "Tafiyar ai ta wuce, Rabi, mayar da ita baya." Na ce, "I went." Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ina? Sama ko ƙasa? Ciki ko waje? Haba, kin bar ni tsaye tsakiyar titi, mota za ta kaɗe ni!" Aji ya fashe da dariya. Ban tashi ba sai da na hau da shi gada na sauko da shi lafiya: "I went up the bridge, I came down, I walked across the road." Yakan ce, "Wanda ya ce ya tafi bai faɗi inda ya nufa ba, bai ba ka labari ba." Yakan kuma ce, "Abin da ƙafarki ta yi, bakinki ba zai manta ba."

Na ga amfanin wannan a ranar da ba na fatan kowa ya gani. Mun je sayayya Accra da mahaifiyata, ta faɗo daga babur. A asibiti likita na ta tambaya, ba mai jin Hausa, ba mai jin Faransanci. Wallahi muryar Malam na ji a kunnena. Na ce masa, "She fell off the motorbike and rolled into the gutter." Nan take ya bar ƙafar da take nunawa ya duba kanta, ashe can ne raunin yake. Da na dawo na gaya wa Malam, bai yi wani dogon zance ba. Ya ce, "Alhamdulillahi. Inna ta samu sauƙi?" Washegari sai ga shi a gidanmu da lemu a leda.

Wannan mutumin ne kwamiti ya kira ya zaunar. Wai ana ƙorafi yana yawo da 'ya'yan mutane a titi, har da 'yan mata, wai abin kunya ne ga unguwa. 'Yan matan nan fa su ne ake aika talla har Hanoukopé ba wanda ya taɓa jin kunya! Alhaji Mamman ya ce ko dai ya zauna a aji kamar kowane malami, ko ya kawo mabuɗi. Malam ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a koyon tafiya a zaune." Da Asabar ta zagayo muka tarar an canja kwaɗo. Ɗakin kuwa buhunan siminti aka jibge a ciki, suna nan har gobe.

Bai yi faɗa da kowa ba, ni ce ma na so in yi ya hana ni. Ya koma ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta bakin kwata, allo a jingine da bango. Ciwon suga ya kumbura masa ƙafafu, amma bai fasa hawa gadar nan ba, yana dafa ƙarfe yana hutawa. In an dawo babu benci, a tsaye yake sauraron kowa. In ruwa ya sauko, lemarsa allon yake rufa wa. Da ƙafar ta ƙi gaba ɗaya, Safiya ce ke jan yaran, shi yana jiransu a gindin bishiya.

Sai ga shi ranar addu'a, muna cikin gida muna ji ta lasifika, Alhaji Mamman ya miƙe yana cewa Malam fitilar Zongo ne, wai da jiki ya yi nauyi shi da kansa ya bar makaranta don ya huta. Subhanallahi! Goggo Mairo, matar Malam, ta sunkuyar da kai ta riƙe mini hannu don kada in tashi. Na zauna saboda ita. Amma Baba Alhaji, da girmanka da furfurarka, ina gaya maka a nan: Malam bai bar makaranta ba, korar sa aka yi, kuma bai huta ba sai da aka sa shi a ƙasa. Na kuma ji abin da ka ce ranar da Safiya ta zo roƙon mabuɗi, bayan ta ba da baya, wai mace ce za ta ja yara a titi. Ita ce dai ke jan su tun uban na da rai, ba ka leƙo ba ne.

Ranar Asabar da safe za mu taru a ƙofar ɗakin nan, mu tsofaffin ɗalibansa da yaran gindin mangwaro. Safiya za ta shige gaba da lemar ubanta. Za mu bi bayan masallaci, mu hau gada, mu sauko, mu dawo. In mun tarar da ƙofa a buɗe, mu shiga mu gode. In a rufe take, a nan za mu tsaya, kowane yaro ya ba da labarin tafiyarsa da ƙarfi yadda aka koya masa, har ya kawo inda ya dawo ya tarar da kwaɗo. Unguwa ta ji.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Idi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka hutar da ƙafafun nan da suka kumbura a hidimar 'ya'yan mutane. Ka ba Goggo Mairo haƙuri, Ka ƙarfafa Safiya da ƙannenta, Ka sanyaya mini zuciya don ni na kasa. Ya Allah, an rufe masa ƙofa a Zongo, Ka buɗe masa ta Aljanna. Amin.