Nimrar da Aka Manta a Ƙusa

Da an idar da sallar magariba, zafin ɗaki ke koro mu saman benen gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, inda kakarmu, Sitti Dije, ke suyar gyaɗar sayarwa a kan gawayi. Mu jikoki sai mu kewaye ta, rabi don labari, rabi don gyaɗar da ta ƙone.

Tana da wani gwangwani cike da ƙananan faya-fayen tagulla masu huda, kowanne da lamba. Nimra take ce musu. Na leburorin tashar jiragen ruwa ne na da: da safe kowa ya rataya tasa a ƙusa, da yamma ya cire. In aka ga nimra a rataye, to mai ita yana cikin jirgi, kuma ba mai tafiya gida sai an gan shi.

Sai ta zaro ɗaya ta ce, "Ga ta nan gare ku." Mu ce ta zo mu ji, ko da mun haddace ta.

Wai wani lebura ne, Ilu, ya zo aikin Hajji ya zauna, ba shi da kowa a Jidda. Ya ga wata yarinya yana so, ubanta ya ce ba ya ba da 'yarsa ga marar dangi. Ranar da Ilu zai koma roƙo na ƙarshe, ɗoki ya sa ya fice bai cire nimrarsa ba. Abokan aikinsa suka birkice jirgi, suka ɗaga buhuna, har ruwa suka leƙa. Can wani ya tuna zancen yarinyar. Sai ga su ɗuu a ƙofar gidan, jiƙe da gumi, babbansu na ɗaga nimra yana faɗa: "Ya Ilu, haram alaik, ba ka kyauta ba! Muna can muna kukanka, kana nan kana neman aure?"

Uban ya dube su, ya dubi Ilu, ya ce, "Halas, shi ke nan. Ashe kana da dangi."

Nan za mu kwashe da ihu: "Sitti, ai ke ce yarinyar!"

"Uskut, ya walad! Ku yi min shiru! Ni na ce ni ce?" Tana faɗa tana ɓoye dariya a mayafi.

Yau ina da sito kusa da tashar, kuma duk tsohuwar nimrar da na gani a shagunan Balad, tsohon garin Jidda, sai na saya. Ma'aikatana dangwala yatsa suke a na'ura. Na'urar ta san wanda ya zo, amma ba ta taɓa cigiyar kowa ba, don haka na kafa ƙusoshi a bango, na ba kowa nimrarsa. Ba ma rufe ƙofa sai an cire duka, ban da ta sama, ta Ilu, wadda Sitti ta bar mini.

Duk sabon ma'aikaci sai ya nuna ta ya ce, "Ya Alhaji, mai wannan bai fito ba." Sai daɗi ya kama ni, in ce ya zauna, in aika a sayo gyaɗa.