Tubalin Baba

Mahaifina magini ne, kakansa ma da ginin ya zo daga Barno. A Damagaram idan ka ga soro ya shekara talatin bai tsage ba, ka tambaya, da wuya ka ji hannun gidanmu bai taɓa shi ba. Ni kuwa, ɗansa na fari, lakkwal, makarantar boko, ta ɗauke ni, na ƙare a biron kwamanda, wato ofishin Baturen mulki, ina buga takardu da mashin. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan ransa na da daɗi sai ya ce da ni Mushe, yadda ake kiran Bafaranshe, yana kallon takalmana yana murmushi.

Shekarun yaƙin Turawa an kwashe maza, an kwashe hatsi da dabbobi, babu wanda ya kula da gini. Ɗakunan gwamnati na ƙauyuka suka yi ta zubewa. Da aka kwana biyu da gama yaƙin sai kuɗi suka fara zuwa daga Faransa, wai a ta da abin da ya rushe. Cikin ayyukan har da ɗakin likita na wani ƙauye, gaba da Mirriya a kan hanyar Zermu. Rufinsa ya faɗa tun ina ɗan makaranta, awaki ke kwana a ciki.

Kwamandan lokacin ya san aikin Baba. Da kansa ya ɗauke shi a mota ya kai shi wurin. Mai gari ya fito da limaminsa, aka raba goro, aka shafa fatiha, Baba ya ja layin tushe da ƙafarsa ya kafa turke a kusurwar gabas. A wurin magina magana ta ƙare ke nan. Wanda ya kafa turke aka yi fatiha a kansa, aikin nasa ne, wani magini ko tsallaka layin ba ya yi.

Ni na san biro ba ta san turke ba. Sai dai yaya ɗan fari zai zaunar da ubansa ya koya masa duniya? Na yi ta kewaye-kewaye, ran nan dai bayan sallar la'asar na ce, “Baba, da an rubuta takardar neman aikin nan an ajiye a biro. Kuma yanzu kowa na da katin parti, na jam'iyyar siyasa.”

Ya ce, “Neman me? Abin da aka ba ni gaban liman shi zan koma in nema? Kati kuma, Mushe, ka riƙe naka, ni hannuna ya ishe ni.”

Ban sake tayar da maganar ba. Har yau ina jin haushin hakan.

Da sanyi ya shigo sai Baba ya kwashi mutanensa bakwai suka tare a ƙauyen. Tubali da rani ake yin sa, ya sha rana ya bushe, a gina, a yi yaɓe kafin damina. Ran Lahadi nakan hau keke in kai musu goro da kilishi. Filin da ke bakin kududdufi ya cika da tubali jere-jere kamar an kife tukwane, kowanne da shatar yatsun wanda ya mulmula shi. Baba yana bi yana ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa, wanda bai yi masa ƙara mai kyau ba ya murƙushe shi da dunduniya.

Ana cikin haka aka canza kwamanda. Lokacin kuma siyasa ta kama gari, 'yan majalisa sun fara faɗa a ji, sabon kwamandan ba ya son rigima da su. Wata safiya shugaban komi, babbanmu mu akawun biro, ya ajiye mini takarda ya ce in buga kwafi uku. Na karanta layin farko. Aikin ɗakin likitar ne, an ba wani ɗan kasuwa na unguwar Kara-Kara mai sayar da gishiri da atamfa. Mutumin ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Amma ƙanin matar wani ɗan majalisa ne, kuma kamiyonsa, babbar motar kaya, ya yi jigilar mutane ranar zaɓe.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai wannan aikin an ba mahaifina.”

Ya ce, “Ina takardar?”

“An yi fatiha, mai gari ma shaida ne.”

Ya cire tabarau ya dube ni, ba da mugunta ba. “Yaro, fatiha nawa ka taɓa bugawa a mashin ɗin nan? Buga, ana jira.”

Na buga. Ina da mata da jariri, ga mutum goma a bakin ƙofa masu jiran kujerata. Na so in yi kuskure da gangan, na ga ko na yi, sakewa kawai za a sa ni. Da yamma na je gidan ɗan majalisar, na zauna a zaurensa har aka kira magariba, aka ce ya fita ta ƙofar baya. Na je wurin wani bafade da Baba ya gina wa gida, ya ce yanzu su ma kallo suke yi. Kowa ya ce Allah ya kyauta, babu wanda ya ce ga yadda za a yi.

Lahadi biyu na je ƙauyen na dawo ban iya gaya wa Baba ba. Baba sai tambaya yake yaushe za a kawo azara, ga gabas ta fara haɗa gira. A Lahadi ta uku na tarar kamiyo ya riga ni, an sauke buhunan siminti da kwanon rufi a kan layin da ya ja. Turken yana yashe a gefe. Yaran ɗan kasuwar suka ce ba su bukatar tubali, bulo za su buga. Mutanen ƙauye ba su da abin da za su yi da tubali dubbai a bakin damina, Damagaram kuma ta yi nisa ga jaki.

Muna tsaye hadarin ya taso, da rana tsaka. Mutanen Baba suka ruga suna jawo zana suna rufewa, zana shida ce duka. Ya ɗaga musu hannu ya ce su bari. Muka fake a ƙarƙashin tsamiya muna kallo. Da farko tubalin suka yi duhu, sai kawunansu suka fara zagwanyewa, shatar yatsun ta shafe, jan ruwa ya riƙa gangarawa cikin kududdufin da aka haƙo ƙasar. Ban taɓa jin ba ni da amfani a duniya kamar ranar ba.

Baba bai dube ni ba, ya ce, “Mushe, takardar da ta ba su aikin, a bironku aka yi ta?”

“I, Baba.”

“Wa ya buga?”

Na ce, “Ni ne.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ba kuskure a ciki?”

“Babu.”

“To, madalla,” in ji shi. “Ko ba komai naka aikin ya tsaya.”

Ya sunkuya ya ɗauki turkensa, ya goge lakar da bakin rigarsa, ya saƙale shi a hammata.