Tsokar da ke tsakiyar tire

Duk sanda ƙamshin kisira, wainar dawan nan mai faɗi, ya bugi hancina sai ƙafafuna su ƙi zama wuri ɗaya. Gadon Baba ne. Mutumin nan bai taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. Shi ne kocin ƙungiyar unguwarmu a Omdurman, ya ɗauko ta daga filin turɓaya ya kai ta inda ake faɗin sunanta a rediyo. In ya ratsa Kasuwar Libiya, masu shaguna har miƙewa suke yi.

Amma ku sani, a tsakar gidanmu yake zaɓen 'yan wasa. Jajibirin babban wasa Inna kan yi kisira da miyar nama, a zuba a babban tire, samari su kewaye. Baba ba ya ci. Sai kai-komo daga bakin randa zuwa gindin darbejiya, yana kallon hannuwa. Ya kan ce, "Wanda ba ya tura wa ɗan'uwansa tsoka, ba zai tura masa ƙwallo ba."

Yayana ne ya fi kowa cin ƙwallo a ƙungiyar, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ji Baba ya yabe shi. Wata bazara, ana gobe za a kara da 'yan Bahri na ƙetaren kogi, zafi kamar a gasa mutum, ya shigo da yunwa ya kai hannu ya ɗauke babbar tsokar tsakiya. Shi da ya fi kowa sanin dokar! Baba ya tsaya cak. Ban taɓa ganinsa tsaye wuri ɗaya ba sai ranar.

Washegari Yaya a benci ya kalli wasan, aka kuma lallasa mu. Ya tattara kayansa ya haye gadar kogi, ya koma tuƙin bas a kasuwar Suk al-Shabi. Shekaru suka yi ta tafiya, gaisuwarsu ba ta wuce ta Sallah. Wallahi dukansu haushi suke ba ni. In na yi mita Inna ta ce, "Ke, rabu da su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Da yaƙi ya zo, kasuwanni suka mutu, tsofaffin 'yan wasan Baba suka ɗora tukunya a filin ƙwallon don ciyar da unguwa. Yaya ya dawo, ludayi a hannunsa. Lokacin ƙafafun Baba sun daina ɗaukarsa, amma kullum sai ya matsa mana a fitar da shi ƙofar gida, idonsa a kan layin masu karɓar abinci. Rannan ya ga Yaya ya kwashe na ƙarshe ya ba wata tsohuwa, shi ya tsuguna yana kankare ƙanzo.

"Kira min shi."

Yaya ya zo ya durƙusa, furfura a gemunsa.

"Da gobe akwai wasa," in ji Baba, "da kai zan fara sawa."

Ƙaton mutum ya kifa kai a gwiwar uban yana kuka, ni ma na taya shi.

Baba bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Sandunan raga tuni suka shiga murhu, yaran yanzu kuma ƙwallon Turai suke kallo a waya, ko sunansa ba su sani ba. Tiren yana nan wurin Yaya. Har gobe ba ya sa hannu sai kowa ya ɗauka.