Badalar Bayan Gidanmu Bayan Malam Sabo

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, Malam Sabo magini. Ina da shekara tara a lokacin. Ban cika magana ba, shi ma haka, shi ya sa yake barina in zauna gefensa in yana aiki.

Bayan gidanmu a Dala akwai ragowar badala, tsayinta a lokacin ya kai na mutum biyu. Duk shekara in damina ta ɗauke, sai ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta kwana uku ta jiƙu, sannan ya bi duk inda ruwa ya zaizaye yana yaɓewa. Ba wanda ya sa shi. Ƙasar ma daga kududdufi yake kawowa, ga ta badala a gabansa. Maƙwabci in ya zo ɗibar ƙasar badala don gyaran murhu, ba ya yi masa faɗa, sai ya ba shi daga wadda ya kwaɓa.

Makon jiya malamin tarihi ya nuna mana hoton ƙofar wani tsohon birnin Bani Isra'ila, ta dutse, da ɗakunan masu gadi hagu da dama. Ya ce dutse yakan jira mai tono komai daɗewa, amma ginin ƙasa sai da mai duba shi kullum. Sai na tuna da badalarmu.

Damina ta biyu bayan rasuwarsa, bangon ɗakin kakata Hajiya Yalwa ya faɗi. An riga an cike kududdufin an yi shaguna. Kawu ya ɗauki diga ya nufi badala. Hajiya ta ce, "Sani, da ubanka na nan fa?" Ya ce, "Hajiya, da yana nan ba zai bar ki a ruwa ba." Ni na riƙa kai masa ruwan kwaɓi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau tsayin badalar iya kafaɗata ne. Ban san wanne Malam zai fifita ba, tsayinta ko barcin matarsa a busasshen ɗaki.

Abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne. Har yau mai son ɗibar ƙasa sai ya yi sallama a ƙofarmu ya nemi izini, kamar badalar gadonmu ce. Kawu yakan sunkuyar da kai ya ce a ɗiba. Allah ya jiƙan Malam.