Sakwarar da Baba Bai Ci Ba

Shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni ma a cikinta na kwaso nawa daga Zariya. Wani banki ne ya ɗebi matasan da suka gama jami'a zai horar da su, na samu shiga. Tsarin shi ne a yi ta zagayawa da kai sashe-sashe, in an gama su duba inda ka fi dacewa su ajiye ka. Reshenmu sabo ne fil, warin fenti ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Ma'aikatan gwamnati da aka tiso ƙeyarsu daga Legas su cika mana layi, kowa fuska a murtuke, sai ka ce mu muka raba su da iyalansu.

Na kama ɗaki a Dutse Alhaji, don cikin gari ba wurin ɗan koyo ba ne. Kullum in saka kwat, in shaƙe wuyana da igiyar Turawa, in fita jiran mota. Wahalar ba ta dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne Baba.

Baba tela ne, ba mai yawan magana ba, kuma na san ra'ayinsa a kan kuɗin ruwa tun ina yaro. Da na gaya masa na samu aikin banki, "To" kawai ya ce. Da albashin farko ya fito na yi abin da kowane ɗa yake yi, na kai gida a sa albarka, har da shadda mai kyau da na yanko masa. Ya karɓa, ya yi godiya. Amma shaddar nan ban taɓa ganinta a jikinsa ba, shi da ɗinki ne sana'arsa.

Ana dab da rarraba mu ya aiko cewa zai zo ya ga inda nake zama. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka ya sauko ne. Na je neman izini wajen ogana, wani Bayarabe mai son raha.

"Baba ta zo? Tafi, tafi," in ji shi. "Ka gaya mata ɗanta zai shiga credit. Wurin manya ne, ba kowa muke ba."

Sashen ba da rance ke nan, inda duk abokan horona suke hari, kuma inda kuɗin ruwan yake zaune da gindinsa.

Na sayi kaza da doya, na roƙi maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar garin Kwali, ta kirɓa mana sakwara. Baba ya iso bayan azahar, ya yi salla, ya duba ɗakin ya ce ba laifi. Na ajiye kwanuka a gabansa na buɗe. Ya dube su, sannan ya jawo jakarsa ya fito da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli.

"Ruwan randar nan, saye kake yi?" ya tambaye ni.

"A'a, Baba, na rijiyar gidan ne."

"To ɗebo min."

A nan na gane. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na ce, "Baba, sata na yi? Kai ka tura ni karatun nan. Da gumina na sayi abincin nan."

Bai ɗaga murya ba. Yana jiƙa garinsa ya ce, "Ban ce ka yi sata ba, ban kuma hana ka aikinka ba. Kai ka yi karatu, wataƙila ka san abin da ban sani ba. Ni dai cikina kaɗai nake da iko da shi."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi, don da na samu abin riƙewa. Muka zauna a tabarma ɗaya, yana cin garinsa, ni na kasa kai loma. Sakwarar ta sandare a kwano, daga baya na mayar wa dattijuwar, na yi mata ƙaryar cewa baƙona ba ya jin daɗi.

Washegari na raka shi tasha. Na zaro kuɗin mota, ya riƙe min hannu a hankali, ya biya da nasa. Na durƙusa ina jiran ya ce Allah Ya yi wa aikin albarka. Ya dafa kaina ya ce, "Allah Ya ba ka mafita."

Ranar da aka rarraba mu, oga ya kira sunana a sashen rance, abokaina suna ta dafa min kafaɗa. Ina da damar in ce a kai ni wani wuri. Ban ce ba, na karɓa, domin ina son aikin, kuma na iya shi. Baba ya ci gaba da zuwa gidana har ƙarshen rayuwarsa, ya ɗauki 'ya'yana a cinya, ya ɗinka musu kayan salla da hannunsa. Bai taɓa cin abincina ba.