Audugar Malam Muntaka

Kullum kafin bakwai na safe Malam Muntaka yana ƙofar 'yar makarantarmu ta yaran Hausawa a unguwar Aziziyya ta Jidda, da kofin shayinsa da tsohuwar jakar nan da ta girmi wasu iyayen ɗalibai. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ya raba ajinmu, ni lissafi, shi tarihi. Ƙarshen watan nan zai ajiye alli ya koma Maraɗi, sai aka ce ni zan yi masa jinjina. Wanda ya zaɓe ni bai san duk Jidda babu mai kishin mutumin nan kamata ba.

Yara suna shiga ajina kamar masu zuwa cirar haƙori. Nasa kuwa rububi ake yi, duk saboda wani curin auduga da yake cirowa daga jaka sau ɗaya a shekara. Sai ya ɗora shi a tebur ya ba su labarin yaƙin basasar Amurka, lokacin da Kudu ta kafe sai ta ci gaba da riƙe bayi, ga kuma masaƙun Ingila da audugar bayin nan suke aiki. Daga nan ya raba aji biyu. Gefe guda manyan Ingila, masu cewa rikicin gidan wani ne, ba ruwanmu, wasunsu ma zuciyarsu na tare da Kudu. Ɗaya gefen leburorin masaƙa, waɗanda yaƙin ya jefa cikin yunwa, amma da yawansu suka ce gara yunwar da saƙa gumin bawa.

"Yalla, kowa ya zaɓi gefe," in ji shi. "Wanda ya tsaya a tsakiya ma ya zaɓa."

Ta bango nake jiyo su, in taɓe baki. Jarumta a kan Turawan da suka daɗe da zama ƙasa ai ba wuya.

Sai ga maganar Salamatou. 'Yar aiki ce daga Damagaram a gidan Alhaji Abdelkader, mai sito a Khumra, wanda ya ara wa makarantarmu na'urorin sanyaya ɗaki guda shida. Shi ne kafilinta, wato wanda ya tsaya mata ta zauna a ƙasar, shekara biyar yana riƙe da fasfonta, ga mahaifiyarta kwance a gida tana kiran sunanta. Wata safiya da ta kawo jikokin Alhaji, ta tare mu mu biyu a bakin ƙofa tana kuka. Na ɗaga kai na dubi na'urar ajina, na ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Tsakanin kafili da mai aikinsa ba a shiga."

Bayan la'asar Malam Muntaka ya tafi majalisar Alhaji, ya gaida kowa, ya sha gahawa, sannan a gaban baƙi ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Fasfon Salamatou fa?" Washegari ya koma, jibi ma haka. Waɗanda ke wurin sun ce bai taɓa ɗaga murya ba. Rana ta tara Alhaji ya jefo masa fasfon. "Halas! Ɗauki, ka rabu da ni."

Bayan kwana biyu motar sito ta zo ta kwance na'urorin kaf. Wanda ya san zafin Jidda ya san abin da muka sha zangon nan. A taron malamai ni na miƙe na ce ya gasa mu a kan matar da ba dangin iya ba na baba. Yaran ne suka kunyata ni. Suna fifita da littattafai suna cewa, "Ya Ustaz, mu ne leburorin masaƙa!" Da labarin ya kai gida, matata Mariyamu tana miƙo min tuwo ta ce, "Malam Muntaka, namiji ke nan."

Malam, kai ne ka koyar da darasi sannan ka zauna jarrabawarsa. Kai ne ka sa Salamatou ta tarar da mahaifiyarta da rai, har ta yi jinyarta wata huɗu. Na yi kishin ajinka, na yi kishin yadda tsofaffin ɗalibai ke tsayar da mota a unguwar Safa su gaishe ka, amma abin da ya fi ci min rai kwana taran nan ne, don ni ma a ƙofar nake.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya kai ka gida lafiya. Ku kuma masu karatu, in baiwar Allah ta tare ku a ƙofa, kada ku ɗaga kai ku dubi na'ura.

Jiya ya shigo ajina ya ajiye curin audugar a teburina. "Zaharadden, ɗan'uwa, riƙe wa yara wannan. Baɗi za su nema." Bai yi min gori ba, da ma ya yi da na samu sauƙi. Baɗi ni zan tsaya in ce kowa ya zaɓi gefe, alhali na san inda na zauna.